Yaya Lyuben da Waƙar Fitila

Yayana Lyuben ya taɓa yin suna a Bulgeriya gaba ɗaya, na tsawon hunturu ɗaya da ɗan abin da ya biyo baya. Su huɗu ne, duk 'yan garinmu. Shi ke waƙa, Asen na kaɗa jita, Rumen na kan ganguna, sai Kolyo mai jita mai kaurin murya, wanda ya riga mu gidan gaskiya tuntuni. Suka sa wa ƙungiyarsu suna Tsatsa, suna dukan kiɗan rok a ɗakin ajiyar makaranta har maƙwabta suka gaji da kai ƙara.

Waƙa ɗaya tak suka yi da ta fita, "Kar Ki Kashe Fitila". Ta fito a hunturun da ya biyo bayan faɗuwar gwamnatin kwaminis, lokacin da ake ɗauke mana wuta kullum, kantuna kuma babu komai sai kanta. Duk gidan da ke da rediyo mai batir ya san amshinta:

Kar ki kashe fitila, ina hanya,
na makara ne kawai, ban ɓata ba.

Kafin su kai ga kaset na biyu suka watse. Lyuben ya faɗa wa wani ɗan jarida a Sofiya, babban birninmu, cewa shi ne Tsatsa, sauran 'yan rakiya ne. Rumen ya tattara gangunansa ya dawo gida, Asen ya biyo shi. Lyuben ya ɗan yi ta fafutuka shi kaɗai, da abin ya ƙi sai ya wuce Sifen, inda har yau yake manna tayil a banɗakunan mutane, ranar Asabar kuma ya yi waƙa a wani gidan cin abinci na 'yan ƙasarmu.

Bai daɗe da tafiya ba ramin kwal na garinmu ya rufta da mutum goma sha huɗu. Ina budurwa lokacin. Kwanaki muka yi a tsaye a bakin ƙofar ma'aikatar muna jira. Akwai rediyo a ɗakin mai gadi, aka sa waƙar Yaya, wata mata ta fashe da kuka, daga nan kowane gida ya ajiye fitila a taga. Ba wanda ya shirya hakan. Ba a fito da ko mutum ɗaya da rai ba. A cikinsu akwai Momchil, wan Rumen. Tun daga nan ba a sa waƙar a biki a garinmu, ba a rawa da ita. Lyuben ya san an yi hatsarin, ya bugo wa mahaifiyarmu waya ya yi ta'aziyya. Maganar fitilun ma na faɗa masa, ba sau ɗaya ba. Sai ya ce, "Ikon Allah, kin ga ƙarfin waƙa ko?"

Mu mutane ne masu son ranar tunawa. Ranar 'yanci mu kai furanni, ranar haɗewar ƙasa mu kai furanni, magajin gari ya karanta jawabin bara. Amma ranar rami daban take, ba ta magajin gari ba ce, ta matan da suka rasa mazansu ce. Da za ta cika shekara talatin, Donka, matar marigayi Momchil, wadda ke shugabantar kwamitinsu, ta shigo kantin maganin da nake aiki. Ta jira har layi ya ƙare.

Ta ce, "Bistra, muna so a rera waƙar nan a wurin taro. Ba ta kaset ba, da bakin mai ita. Rumen ya ce in an sa shi zai kaɗa, amma ba zai kira yayanki ba. Ke kin san shi. Zai iya?"

Na ce, "Haba Yaya Donka, ai ya girma. Shekararsa kusan sittin."

"Ba shekarunsa na tambaye ki ba."

Na ce, "Zai iya. Ni na tsaya masa."

Da na kira shi, ban gama bayani ba ya fara ihu a waya.

"Shekara talatin! Na san za su neme ni. Wane fili? Mutum nawa ake sa rai? Talabijin za su zo?"

"Yaya, taron makoki ne fa. A gaban dutsen da aka rubuta sunayensu. Da safe."

"Na gane, na gane, autar Mama. Kin ɗauka ni dabba ne? Ki ce wa Asen ya canza tsirkiyoyin jitarsa."

Ya iso ana jibi taron. Na je tashar mota na kusa wuce shi. Ya rine gashinsa baƙi wuluk, ya matse cikin wandon fata, tumbi ya zubo kan bel. A kafaɗarsa akwai ƙaton kwali. Da muka isa gida ya buɗe: riguna ne, an buga fuskarsa ta ƙuruciya a kai, a ƙasa an rubuta "Tsatsa, shekara 30".

Na ce, "Wannan fa?"

"Mutane na son abin tunawa."

"Ba kai za a tuna ba, Yaya."

Ya yi dariya ya ja kumatuna kamar ina 'yar shekara shida. Ya cinye rabin tiren banitsa, wainar fulawa mai cuku da na gasa, yana ba ni labarin wani mai shirya wasanni a birnin Balensiya na Sifen da ya kusa ɗaukarsa. Ni kuwa na ɗauke kwalin na kulle a but ɗin motata, na sa makullin a aljihu.

Washegari suka yi gwaji a garejin Rumen. Na bi shi, don na fara jin tsoro. Asen, wanda yanzu malamin lissafi ne mai sanƙo, ya rungume shi da gaske. Rumen bai tashi daga kan kujerarsa ba, hannu kawai ya miƙa.

Lyuben ya ce, "Kai, tsohon banza, har yanzu kana dukan gangar nan kamar ta ci maka bashi?"

Rumen ya ce, "A hankali za mu yi ta. Rabin saurin da. Ba ihu, ba surutu. Ka hau, ka rera, ka sauka."

"Ranka ya daɗe, an ji."

Suka fara. Gaskiya muryarsa tana nan. Ta dushe kaɗan, amma dushewar ta yi wa waƙar kyau, har na ji tsigar jikina ta tashi. Suna gama baitin farko da amshi ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Waƙar da na rera sau dubu? Kar mu ƙona ta kafin gobe." Ya juya wajen Asen. "Ka tuna daren da muka yi wasa a garin Barna, da 'yan mata suka yage mini riga?"

Asen ya yi murmushi ya kalli Rumen. Rumen na ɗaure sandunansa da roba, bai ɗago ba. Na so in ce su ƙarasa ta har ƙarshe. Ban ce ba, don kar a ce na cika baki a harkar da ba tawa ba.

Ranar taron gari ya waye da sanyi da hasken rana. Tun daga kan hanya an manna sababbin takardun tunawa a jikin bishiyoyi da turakun lantarki, kowacce da hoton mamaci, samari masu gashin baki waɗanda yanzu 'ya'yansu sun girme su. Filin gaban dutsen ya cika. Tsofaffin mahaƙa sun zo da kayansu na fareti, baƙaƙe masu maɓallan ƙarfe, wasu ba sa rufuwa a ciki. Fadan coci ya yi addu'a, aka kunna kyandirori, aka zagaya da dafaffiyar alkama da sukari. Donka ta kira sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowane suna wani daga danginsa ya amsa. Da aka zo kan Momchil, mahaifiyarsa Iya Ginka ce ta amsa daga kujerarta a layin gaba. Ta haura tamanin, 'yar ƙarama cikin baƙin mayafi, da sandarta a tsakanin gwiwoyi.

Duk wannan lokacin Lyuben na bayan ɗan dandamalin yana tsalle-tsalle a wuri ɗaya yana karkaɗa hannuwa. Na je kusa da shi na ji warin barasa.

Ya ce, "Ƙaramin kofi ɗaya ne, don maƙogwaro."

Daga baya na gane tsoro yake ji. Rabon da ya ga taro mai yawan wannan tun yana saurayi.

Donka ta ce, "Yanzu za mu ji waƙar da muka jira da ita." Ta sauka. Rumen da Asen suka hau shiru. Lyuben kuwa da gudu ya hau, ya fizgi makirufo daga sandarsa.

"Mutanen garina! Kuna nan kuwa?"

Lasifika ta yi ƙara ta dawo da muryarsa daga bangon ofishin gidan waya. Ba wanda ya amsa.

"Ban ji ku ba! Na ce kuna nan?"

Wani yaro a hannun uwarsa ya fara kuka. Na ji fuskata ta ɗauki zafi har kunnuwa. Matar da ke kusa da ni, wadda nake ba maganin suga duk wata, ta waiwayo ta dube ni ta mayar da kai.

Da ya tsaya nan ya fara waƙa, da an yafe. Amma shirun ya ruɗa shi, shi kuma in ya ruɗe surutu yake yi, haka yake tun muna yara. Sai ya koma ga abin da yake yi wa masu cin abinci a Sifen su yi dariya.

"Bari in faɗa muku sirrin waƙar nan. Kowa ya ɗauka wata babbar magana ce. Ina! Na sha ne na yi tatil a birnin Plobdib, na je ƙarƙashin tagar wata yarinya a ɗakin kwanan ɗalibai, ina roƙo ta buɗe mini. Da safe na rubuta ta a banɗakin jirgin ƙasa, kaina kamar zai fashe. Yarinyar ma na manta sunanta!"

Ya yi dariya, ya jira a taya shi. A layin gaba mata goma sha wani abu cikin baƙaƙen kaya suna kallonsa, kyandirori na ci a hannuwansu.

Rumen ya ɗora sandunansa a kan ganga, a hankali, ba ƙara. Ya tashi ya sauka ta baya, ya zagayo ya tsaya bayan kujerar mahaifiyarsa. Lyuben ya waiwaya ya ga kujerar babu kowa. A nan na ga abin ya shige shi. Bakinsa ya ɗan buɗe, ya dubi layin gaba sosai, kamar sai yanzu aka ajiye su a wurin.

Asen bai ɗaga kai ba, ya fara kaɗa jita shi kaɗai, a hankali. Lyuben ya shiga. Ya yi baitin farko, ya yi amshi. Asen ya zagayo inda baiti na biyu zai fara. Lyuben ya buɗe baki, babu komai. Asen ya sake zagayowa. Babu. Ashe shekara da shekaru a gidan abincin nan baitin farko da amshi kawai yake yi, sai a tafa a koma kan nama. Ya manta sauran waƙarsa.

Ina tsaye ina roƙon ƙasa ta buɗe. Na san baitin, kowa a filin ya san shi, amma ba wanda ya motsa. Asen ya zagayo karo na uku.

Sai Iya Ginka ta yi magana. Ba rerawa ta yi ba, faɗa ta yi da ƙarfi, a bushe, yadda ake faɗa wa mai kanti abin da aka zo saya.

"Takalmina ya jiƙe, hanya ta yi duhu."

Lyuben ya dube ta. Ya maimaita, da waƙa.

"Amma ko ido a rufe na san tagarki."

Ya maimaita. Haka suka bi baitin har ƙarshe, ita ta faɗa shi ya rera, kamar ɗan aji ɗaya a gaban malama. Da ya kai amshin ƙarshe muryar ta ƙi fita sosai, Asen ne ya ƙarasa da jita. Ba a tafa ba. Dama ba a tafi a ranar, amma shi bai sani ba. Ya tsaya da makirufo a hannu yana neman inda zai sa shi, har wani tsohon mahaƙi ya hau ya karɓa.

Na same shi a jikin motata, yana jan ƙofar da ke kulle.

"Ba ni makulli, Bistra. Kai ni tasha."

"Ba inda za ka."

"Don Allah. Ba zan iya kallonsu ba."

"Ni da zan kalle su gobe da jibi da gata fa? Kai ka hau mota ka koma Sifen, ni ka bar ni da su a kan kanta? Ni na tsaya maka, Yaya. Da bakina na ce ka girma."

Gumi ya narkar da rinin gashinsa, wani baƙin layi ya gangaro ta gefen kunnensa. Na ba shi hankici na ce ya goge, kuma ya rufe wandon nan da kwat ɗina. Akwai romon rago na sadaka da ake ci a farfajiyar ɗakin taro bayan addu'a, kuma duk wanda ya zo taron sai ya ci. Na riƙe hannun rigarsa muka tafi.

Da muka shiga, hira ta ragu. Na nufi can ƙarshen tebur, amma Donka ta ɗaga ludayi ta nuna benci, daidai gaban Iya Ginka. Muka zauna. Aka ajiye masa kwano da burodi. Ya riƙe cokali bai kai baki ba.

Ya ce, "Iya, ni..."

Ta ce, "Ci tukuna. Ya huce ba daɗi."

Ya ci cokali biyu. Tana kallonsa tana tauna burodin da ta jiƙa a romo.

Ta ce, "Ni ban taɓa son waƙarka ba. Hayaniya ce. Momchil ne ya dame mu da ita, yana aski yana fito, yana ɗaure takalmi yana fito. Na ce masa wata rana zan jefa kaset ɗin a murhu." Ta kurɓi romo. "Da suna ƙasa, ita kaɗai ce abin da na san yana iya tunawa a can wanda ni ma na sani. Shi ya sa na koye ta."

Lyuben ya sunkuyar da kai har gashinsa ya kusa taɓa kwanon.

"Yarinyar nan ta Plobdib. Da gaske ka manta sunanta?"

Ya girgiza kai. "Temenuga."

"To me ya sa ka ce ka manta?"

"An fi dariya in na ce haka."

"Ta buɗe maka?"

"A'a. Ta kashe fitilar ma."

Iya Ginka ta ce, "Yarinya mai hankali."

Wata daga cikin matan ta yi 'yar dariya ta toshe baki da mayafi. Donka ba ta yi ba. Ta ci gaba da zuba romo, ba ta dubi inda muke ba har aka tashi.

Da aka watse muka koma filin. Rumen na kwance gangunansa shi kaɗai yana kaiwa mota. Lyuben ya tsaya nesa kaɗan, sannan ya matsa.

"Rumen."

"Kar ka ba ni haƙuri yau. In ka ba ni yau zan mare ka, uwata kuma tana kallo."

Lyuben ya tsaya da hannuwa a sake. Rumen ya ja babbar gangar, ta maƙale a bakin dandamali. Ya yi tsaki.

"Kama can gefen mana, ka tsaya kamar turke."

Suka ɗauke ta tare suka sa a mota. Rumen ya rufe but, ya shiga, ya tafi. Bai yi sallama ba.

Lyuben ya kwana biyu a gidana bai leƙa waje ba. Ya wanke gashinsa har furfurar ta fara nunawa, ya gyara mini famfon kicin da ke ɗiga. Ana gobe zai tafi ya ce in raka shi maƙabarta da rana. Na ɗauka wurin iyayenmu kawai za mu, amma bayan mun gama da su ya ce in nuna masa layin mahaƙan. Yana karanta sunaye yana tambayata, wannan ɗan wa ne, wannan ba shi ne mai tsaron gida a ƙwallo ba. Da yawansu ajinsu ɗaya. Ya san sun mutu, amma bai taɓa tambayar su wane ne ba. Ya je gidan Rumen da yamma, matar ta ce ba ya nan, alhali motarsa na ƙofar gida. Da safe na kai shi tasha.

Ni kuwa sai da na yi mako guda ina roƙon abokiyar aikina ta tsaya a kanta, ni ina ciki ina jera kwalaye. Ba wanda ya ce mini komai, kuma hakan ya fi ciwo. Mutane su karɓi magani, su ce sun gode, su dubi wani wuri. Ranar da na koma kanta, Donka ce ta uku a layi. Ta miƙo takardar likita, na ɗauko mata maganin hawan jini.

Na ce, "Yaya Donka, ban san da wane baki zan..."

Ta ce, "Baɗi shiru za mu yi. Mun yanke. Sunaye, sai shiru."

Na ce, "Haka ya fi."

Ta sa maganin a jaka, ta ja zif, ba ta tafi ba.

"A can Sifen ɗin, yana da kowa? Mata, ko 'ya'ya?"

"Babu. Shi kaɗai ne."

Ta ce, "Ai da gani ka sani." Sannan ta matsa wa na bayanta.